Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Gargaɗi Ga Masu Kiwon Jatan Lande

Idan kun wayi gari kun tarar da jatan lande biyu ko uku kwance a gindin tankinku, jikinsu ya koma ruwan hoda kamar an tafasa su, don Allah kada ku taɓa kwalbar magani. Ku tsame gawarwakin nan take, tun 'yan'uwansu ba su taru a kansu ba, sannan ku zauna ku binciki ruwan. Na fara da wannan ne saboda zafi ya kunno kai, kuma a 'yan makonnin nan tankunan mutum uku da na sani sun tashi daga mutuwar ɗaya-ɗaya zuwa ƙarewa ƙaf. A biyu daga ciki, maganin da aka zuba cikin ruɗewa ne ya ƙarasa abin da ya rage.

Mu masu wannan kiwo ba mu da yawa tukuna. Wani a YouTube ya gani, wani shagon kifin ado ya shiga, ya tarar da wasu 'yan jajayen halittu suna tsince-tsince a kan gansakuka, abin ya shiga ransa. Galibin abin da ke hannunmu shi ne ɗan jan nan da ake ce wa ceri, wanda masana ke kira Neocaridina davidi. Asalinsa ƙoramun Taiwan da ƙasar Sin ne, tsawonsa bai cika wuce santimita 3 ba, kuma kwanansa a duniya shekara ɗaya ne zuwa biyu. Ya fi sakewa a ruwa mai zafin digiri 20 zuwa 26. Mu kuwa mun san yadda Afrilu take a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda rana ke kai digiri 40, ɗaki ya riƙe zafin har tsakar dare. Akwai wani nau'i mai ratsin ja da fari da Hisayasu Suzuki ya fitar a Japan a shekarun 1990, shi kam ban shawarci kowa ya kai shi ɗakin da babu na'urar sanyi ba. Zalunci ne.

Bari in faɗa muku yadda na rasa nawa, don kada wani ya bi ta inda na bi. Wani dare sauro ya hana yara barci, na ɗauki maganin feshi na bi falo da shi lungu-lungu, na ja ƙofa, muka koma tsakar gida. Tankin yana rufe da murfinsa, shi ya sa hankalina yake kwance. Abin da na manta shi ne injin hura iska. Iskar ɗakin yake zuƙa ya tura cikin ruwa, wato duk abin da na fesa shi ya yi ta ɗura musu. Ba a yi awa guda ba 'yata ta leƙa ta taga ta ce, "Baba, zo ka gani, jatan lande suna ta guje-guje." Na shiga na tarar da su suna zagaye gilashin kamar an kunna musu wuta, wasu suna harbawa da baya, wasu sun haura saman soso suna neman fita daga ruwan, wasu sun faɗi a gefe ɗaya ƙafafunsu na karkarwa. Akwai wata uwa ɗauke da ƙwai da na yi mako uku ina jiran ƙyanƙyasarta. Ina kallo ta kife. Cikin kusan saba'in, tara suka kai safiya. Kifayen da ke ɗaya tankin a ɗakin kuwa, ko gezau.

Dalilin a fili yake in an yi tunani. Jatan lande dangin ƙwari ne na kusa, gaɓoɓinsu da jijiyoyinsu tafiyarsu ɗaya. Abin da aka haɗa don ya kashe sauro da kyankyaso, ɗan ƙanƙaninsa ya ishi jatan lande. Maganin feshi, fiya-fiya, hayaƙin maganin sauro na kunnawa, man da ake shafawa a hannu don korar sauro, maganin ƙuma da kaska da ake ɗiga wa kyanwa ko kare a wuya, duk layi ɗaya suke. Haka ma ciyawar ado da aka sayo sabuwa: masu nomanta kan yi mata feshi don kashe ƙwari da katantanwa, ku saka ta da yamma, da safe ku kwashe gawa. Sabuwar ciyawa ta yi aƙalla mako guda a bokiti ana sauya mata ruwa kullum kafin ta shiga tanki. Ɗakin da tanki yake kuwa, ni dai na daina yi masa feshi gaba ɗaya, gidan sauro muke ɗaurawa. Wanda ya zame masa dole, ya kashe injin iska, ya lulluɓe tankin ruf da leda da jiƙaƙƙen zane, kada ya buɗe sai iska ta ratsa ɗakin sosai.

Sai dai a kula, ba kowane guje-guje ne guba ba. Idan mace ta yi saɓa ta shirya barbara, takan saki wani ƙamshi a ruwa, mazan su yi ta shawagi suna nemanta. A wannan, maza ne kawai ke yawo, mata da 'ya'ya suna kiwonsu hankali kwance, kuma iyon santala-santala ne babu faɗuwa. In kun ga babba da yaro, mace da namiji, kowa ya rikice yana neman sama, to guba ce ko ƙarancin iska. A nan babu jira: a sauya rabin ruwan da wanda aka riga aka tanada, a saka gawayin tace ruwa irin na tanki a cikin matata, a ƙara iska daga wuri mai tsabta.

Yanzu maganar kwalbar da na ce a ajiye. Da yawa daga magungunan kifi, musamman na ciwon farin ɗigo da na kashe katantanwa da gansakuka, akwai jan ƙarfe a cikinsu. Abin mamaki, jinin jatan lande kansa da jan ƙarfe yake ɗaukar iska, kamar yadda namu ke yi da baƙin ƙarfe, kuma ɗan abin da ke cikin abincinsu ba ya cutarwa. Amma narkakken jan ƙarfe a ruwa, ko da adadin da kifi zai jure ne, ajalinsu ne. Yana kuma maƙalewa a yashi da duwatsu, ya riƙa fitowa a hankali bayan an manta da shi. Ɗaya daga mutum ukun da na ambata a farko, tsohon tanki ya saya hannu na biyu da yashinsa, ya yi ta mamakin yadda duk abin da ya zuba ke mutuwa cikin kwana biyu. Ku karanta jikin kwalba. In babu bayanin abin da ke ciki, kada ta kusanci tankinku, ko da mai shago ya rantse. Garin neman gira kada a rasa ido.

Mafi yawan mutuwar da ake ɗora wa cuta, daga ruwa take. Kashin jatan lande da ragowar abinci da ruɓaɓɓen ganye suna fitar da amoniya. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a soson matata su ke mayar da amoniya naitirait, wasu su mayar da naitirait naitiret. Na farkon biyu guba ne, dole gwaji ya nuna sifili. Na ukun ana so ya tsaya ƙasa da miligiram 20 a kowace lita. Kafin waɗannan bakteriya su kafu a sabon tanki akan ɗauki mako huɗu zuwa shida, shi ya sa wanda ya sayi tanki ranar Asabar ya zuba jatan lande ranar Lahadi yake kuka ranar Juma'a. Su kuma bakteriyan nan da iska suke rayuwa. In aka ɗauke wuta matata ta tsaya awanni masu yawa, musamman irin rufaffiyar nan da ke wajen tanki, sukan fara mutuwa, ruwan cikinta ya lalace, wuta na dawowa ta kwarara shi cikin tanki. A irin yanayinmu, matatar soso da ɗan injin iska mai batir ko mai caji sun fi kowace matata mai tsada amfani. Kuma kada a wanke soson da ruwan famfo, a matse shi a cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin.

Zafi yana haɗa duk waɗannan ya ɗaure su wuri guda. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe iskar shaƙa kusan miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa sai ta sauka wajen 7.5, alhali a lokacin ne jikin jatan lande da na bakteriya ke ƙara buƙatarta. Abinci yana saurin ruɓewa. Amoniya kuma dafinta ƙaruwa yake da zafi da kuma hawan awon pH, wato raguwar tsamin ruwa: a ruwa mai pH 8, kason da ke da dafi ya ninka na pH 7 kusan sau goma. Don haka ɗan abin da tankinku ya shanye lafiya lau a watan Janairu zai iya hallaka shi a Afrilu, ba tare da kun sauya komai ba. Ku rage abinci yanzu, abin da za su cinye cikin awa biyu, sau uku ko huɗu a mako ya isa, ragowar a tsame. Ku janye tanki daga taga. Ku buɗe murfi ku sa ƙaramar fanka ta riƙa bugun saman ruwan, tana iya sauke digiri biyu zuwa uku. Ƙanƙara kuwa a yi hattara da ita, domin faɗuwar zafi farat ɗaya da sake hawansa ya fi zafin da ya tsaya wuri ɗaya illa.

Wane ruwa kuke zubawa? Na famfo yana iya zuwa da kulorin, kuma ba kullum adadinsa yake ɗaya ba. Ajiye shi kwana ɗaya ko biyu yana korar kulorin zalla, amma akwai nau'in da ake haɗawa da amoniya wanda ajiya ba ta korarsa, shi ya sa ɗigon maganin kashe kulorin ya fi aminci. Na burtsatse da na rijiya, wani yana da nauyin ma'adinai, wani kuma yana kusa da masai har naitiret ya yi masa yawa tun daga tushe. Ku gwada ruwan da kuke ɗebowa kamar yadda kuke gwada na tanki. Na 'yan garuwa, ku tambayi kanku me jarkar ta taɓa ɗauka. Bokitin tanki ya zama nasa shi kaɗai, kada ya san omo ko sabulu.

Wannan ya kawo mu kan saɓa, inda ake yawan ruɗewa. Jatan lande ba ya girma sai ya tuɓe ɓawonsa, babba yakan yi haka kusan duk bayan mako uku zuwa huɗu. Saɓar fara ce tas, ana hango ta ciki, babu nama, da tsaga a bayan wuya. Gawa kuwa da nama a cikinta, kuma takan rine ta koma ruwan hoda ko ruwan lemo. A tanki mai lafiya a bar musu saɓar, cinyewa suke yi su mayar da kalsiyam jikinsu. Abin tsoro shi ne farin zobe da ke zagaye jiki daidai mahaɗar kai da gangar jiki: ɓawon ya rabu ta ko'ina maimakon ta sama kawai, dabbar ta maƙale a ciki, sau da yawa ta mutu a kwance tana shure-shure. Ba cuta ce mai yaɗuwa ba, babu kuma maganin da za a ɗiga. Yawanci ruwan ne ma'adinansa suka yi kaɗan ko suka yi yawa, ko aka sauya shi da yawa a tashi ɗaya har saɓar ta zo ba shiri. Ga ceri, awon nauyin ma'adinai, wato GH, tsakanin 6 da 10 yana yi musu daidai. Wanda ke cika tanki da tataccen ruwa zalla yana hana su abin gina ɓawo. Wanda kuma ruwansa ke ƙafewa da iskar hunturu ko fanka, yana cikewa da na burtsatse, yana tara ma'adinai ne mako bayan mako, domin ruwa ne ke tashi, gishirinsa yana nan. Abin da ya ƙafe a cike shi da tataccen ruwa. Sauyi kuwa kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a mako, a zuba a hankali ta siririn tiyo, zafinsa daidai da na tankin.

In gwaji ya nuna ruwa lafiya, babu feshi, babu sabon abu da ya shiga, to sai a ɗauko tocila da madubin ƙara girma, ko kyamarar waya, a dubi dabbar da kyau. Wasu 'yan fararen tsutsotsi masu tsawon milimita ɗaya zuwa biyu da ke tsaye a tsinin kai tsakanin idanu, suna motsi da kansu, su ne Scutariella japonica. Suna saka ƙwai a ƙarƙashin ɓawon kai, inda gaɓoɓin numfashi suke, za ku hango su jere kamar fararen ɗigo. Ba su cika kisa da wuri ba, kuma suna jin magani. Abin da masu kiwo suka saba yi shi ne wankan gishiri a wajen tanki: babban cokali ɗaya na gishirin tankin kifi a kofi ɗaya na ruwan tankin, a tsoma dabbar daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, a mayar da ita. Tsutsar za ta saki, ƙwan ba zai mutu ba, yana fita ne tare da saɓa. Saboda haka a nan dokar ta juya, duk saɓar da kuka gani ku tsame ta har tsawon makonni. Farin gashi-gashi kuma mai kama da furfurar auduga a kai ko ƙafafu, wanda ba ya tafiya sai dai ya noƙe in an taɓa, Vorticella ne. Bakteriyan ruwa yake ci, jikin jatan lande wurin zama ne kawai gare shi, don haka yawansa shaida ce cewa ruwan ya yi datti. Wankan gishiri yana cire shi, tsabta ke hana shi dawowa.

Wanda ya sa na zauna rubuta wannan gargaɗi shi ne koren nan na ƙarƙashin ciki. Wata baiwar Allah da muke musayar ciyawa da ita ta turo mini hoto cike da murna, ta ce, "Malam, ka taya ni farin ciki, uku sun ɗauki ƙwai." Na buɗe hoton na ƙara girmansa, gabana ya faɗi. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ki ware su yanzu, wannan ba ƙwai ba ne." Ruɗanin yana da dalili, domin ƙwan ceri ma yakan zo rawaya ko kore. Amma ƙwai ƙulu-ƙulu ne, sumul, ashirin zuwa talatin, kowanne ana iya ƙirga shi, uwar tana yi musu fifita da ƙananan ƙafafun iyo, kuma in sun kusa ƙyanƙyashewa har idanun 'ya'yan ake gani baƙi-baƙi. Wannan kuwa tsiro ne mai rassa, buzu-buzu kamar kan farin kabeji, kore mai ɗaukar rawaya, yana cike tsakanin ƙafafun har ya leƙo waje. In kun gan shi a jikin namiji, magana ta ƙare, namiji ba ya ɗaukar ƙwai. Sunansa Cladogonium ogishimae, wasu masana biyu, Hirose da Akiyama, suka fara bayyana shi a Japan a 1971. Ana ce masa koren naman gwari, amma a haƙiƙa dangin gansakuka ne da ya koma rayuwa a jikin wani. Yana kafa saiwa cikin nama, yana tsotsar dabbar, yana hana ta iyo da ɗaukar ƙwai, sannan ya saki iri a ruwa ya kama na kusa. Yana tafiya a hankali, shi ya sa ake raina shi, har sai ya bi rabin tanki. Magani tabbatacce mai sauƙi babu. Wasu sun dace da killacewa da wankan gishiri a kai a kai in an gano da wuri, amma wadda abin ya ci jikinta, raba ta da sauran shi ne kawai abin da zai ceci garken.

Haka nan wadda naman jelarta ya koma fari kamar madara ta ciki, ba a ɓawo ba. Naman ne ke mutuwa, kuma in ya yi nisa ba ya dawowa. A ware ta, a gyara ruwa, a ƙara iska. Ɗigon baƙi ko ruwan tsatsa da ke cin ɓawo, bakteriya ne, mai sauƙinsa yakan tafi da saɓa in an tsabtace ƙasan tanki. Tsutsa mai faɗi mai kai kamar bakin kibiya da ke rarrafe a gilashi, da wani ɗan zare mai yatsu da ke harbin jarirai, duka yawan abinci ke kawo su, kuma maganinsu yakan kashe katantanwar ado, a sani kafin a zuba.

Duk waɗannan masu yaɗuwa, da ƙafarmu muke kawo su gida. Jakar leda ɗaya daga shago, kyautar guda goma daga aboki, 'yar ragar kamu da aka tsoma a wannan tanki aka tsoma a wancan. Wake ɗaya ke ɓata gari. Sabon jatan lande, ko daga hannun wa ya fito, ya yi wata guda a keɓe, ko a robar abinci mai faɗi ce da soso da ɗan gansakuka, da ragarsa daban. A saba masa da sabon ruwa ta ɗigo-ɗigo na awa ɗaya zuwa biyu, ruwan ledar kuma a zubar, kada ya shiga tanki. A shago ku tsugunna ku dubi ƙarƙashin cikinsu kafin ku biya. In kun ga ɗaya mai kore ko gawa a gindin tankin, ku bar duka, har waɗanda suke da kyan gani. Ku ma masu sayarwa ku ji tsoron Allah, kada ku tsame mai ciwon ku sayar da maƙwabtanta kamar ba abin da ya faru. Marasa lafiya da ruwansu kuma kada a juye su a kwata ko kududdufi ko rafi. Wannan ɗan jan ya riga ya kafu a ruwayen da ba nasa ba, a Hawai da wasu koguna masu ɗumi a Jamus da Poland. Gawa a naɗe ta a jefa a shara, ruwan a zuba a busasshiyar ƙasa.

Hajiyar nan ta ware bakwai a daren, washegari ta ƙara samun biyu. Da muka bi sawu, ashe cikin watan ta ba mutum biyu kyauta daga tankin, ɗayansu ma ya riga ya raba wa ƙaninsa. Ta kira su ɗaya bayan ɗaya, da nauyin baki amma ta kira. Duk wanda ya sayi jatan lande ko ya karɓi kyautarsu a 'yan watannin nan, ya kashe fitilar ɗaki yau da dare, ya haska tocila ta gefen gilashi daidai ƙasa, ya bi cikin kowace ɗaya da kallo. In ya ga koren, ya ware ta, sannan ya ɗauki waya ya sanar da wanda ya ba shi da duk wanda shi ma ya ba.